Ƙarar Toshe Baki: Me Za Mu Yi Idan An Kai Mai Magana Kotu?

A kowane gari akwai tambayoyin da dole wani ya yi su. Ina sauran takin da aka aiko wa ƙungiyar manoma? Me ya sa ruwa ba ya kaiwa ƙarshen magudana alhali kowa ya biya kuɗin ruwa? Wa ya ba da izinin haƙar ƙasa kusa da rijiyar da yaranmu suke sha? Idan babu mai tambaya, ɓarna takan zauna daram. Amma sau da yawa wanda ya yi ƙarfin hali ya tambaya, sammacin kotu yake samu a maimakon amsa.

A wannan darasi za mu duba irin ƙarar da ake shigarwa domin a rufe bakin mutane. Za mu ga yadda ake gane ta, abin da doka ta ce, da matakan da al'ummomi irin namu na Dakko, Bakura, Talata Mafara da Maradun za su iya ɗauka. An shirya darasin domin a karanta shi a taron ƙungiya, a kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Mece ce ƙarar toshe baki?

Kotu wuri ne na neman hakki. Amma mai kuɗi ko mai mulki zai iya mai da ita sanda. Yakan shigar da ƙara a kan wanda ya yi magana game da abin da ya shafi jama'a, yawanci da sunan ɓata suna, ya nemi diyyar da wanda ake ƙara ba zai iya tarawa ba ko da zai sayar da gonarsa da ta ’yan’uwansa. Mai irin wannan ƙara bai damu ƙwarai da ya yi nasara ba. Abin da yake so shi ne mai maganar ya gaji, kuɗinsa ya ƙare a zirga-zirga da biyan lauya, iyalinsa su roƙe shi ya yi shiru. Sauran jama'a kuma su ga abin da ya same shi, kowa ya kama bakinsa. Ana tauna tsakuwa ne don aya ta ji tsoro.

Wasu malamai biyu na Jami'ar Denver a Amurka, George Pring da Penelope Canan, su ne suka yi nazarin irin waɗannan ƙararraki a shekarun 1980, suka raɗa musu sunan da ake taƙaitawa da SLAPP a Turance. Sun lura cewa yawancin waɗanda ake kai wa kotu talakawa ne da suka rubuta takardar koke, ko suka yi magana a taron gari, ko suka ƙi yarda da wani gini a unguwarsu. Mu a nan za mu kira ta ƙarar toshe baki.

Abin da Bakolori ya koya mana

Ba sai mun je nesa ba kafin mu san abin da ke faruwa idan an ƙi sauraron jama'a. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce take kula da shi. Ruwan tafkin ya tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu. An karɓe gonakin waɗansu na tsawon shekaru ana baje ƙasa ana haƙa magudanai, an sare itatuwan amfani, manoma suka rasa damina bayan damina. Na ƙasan madatsar kuma suka ga ambaliyar da ke jiƙa fadamarsu ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya.

Manoma sun yi koke a kan diyya da rabon gonaki. Da suka ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai suka fara tare hanyoyin aikin daga ƙarshen 1979. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, ’yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Mutanen yankin da waɗansu masu bincike sun ce sun haura 380.

Darasi biyu muke ɗauka daga nan. Na farko, koken manoman yana da tushe, kuma da an saurare su tun da wuri da an tsirar da rayuka. Na biyu, idan aka toshe hanyar magana ta lumana, damuwar ba ta gushewa, sai dai ta ɓulle ta wata hanya mai muni. A yau an fi amfani da takarda mai hatimi wajen sa mutane shiru, amma manufar ɗaya ce. Tun daga 2014, da aka fara shirin TRIMING na Bankin Duniya wanda ya haɗa da gyaran aikin noman rani na Bakolori, an ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyi mai yawa. Ƙungiyar da ’ya’yanta ke tsoron yin tambaya ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba.

Alamomin da za mu gane ta da su

Ba kowace ƙarar ɓata suna ce ƙarar toshe baki ba. Amma idan muka ga yawancin waɗannan alamu sun haɗu, sai mu yi hattara:

- Maganar da ta jawo ƙarar ta shafi jama'a ne: ruwa, ƙasa, taki, asibiti, makaranta, kuɗin gwamnati ko tsaro.
- Mai ƙara ya fi wanda ake ƙara ƙarfi nesa ba kusa ba.
- Kuɗin da ake nema ya wuce hankali.
- An tsame mutum ɗaya ko biyu daga cikin ƙungiya, alhali da sunan kowa aka yi maganar.
- An kai ƙarar wata kotu mai nisa, ko an shigar da ƙararraki da yawa a kan magana ɗaya.
- Mai ƙara ne da kansa yake yawan neman a ɗage zama.
- Ana aiko da saƙo a gefe cewa in an janye magana an ba da haƙuri a fili, za a bar shari'ar.

Mu tuna kuma da yadda ɗawainiyar take a wurin manomi. Zaman kotu ɗaya a Gusau yana nufin kuɗin mota zuwa da dawowa, da kwana a hanya in tafiya ta yi dare, da barin gona a lokacin shuka ko girbi. In aka ɗage zama sau goma, an riga an hukunta mutum tun alƙali bai buɗe baki ba.

Misalai daga kusa da nesa

A watan Oktoba na 2018 jaridar Daily Nigerian ta Ja'afar Ja'afar ta fitar da wasu bidiyoyi da ta ce suna nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli daga ’yan kwangila. Gwamnan ya musanta zargin, ya kuma shigar da ƙarar ɓata suna a Babbar Kotun Jihar Kano yana neman naira biliyan 3. Shari'ar ta yi ta tafiya har 2021, sannan mai ƙara ya nemi janye ta. A watan Yuli na 2021 kotu ta umarce shi ya biya waɗanda ya yi ƙara naira 800,000 kuɗin ɗawainiya. Daga baya aka sake shigar da wata ƙarar a Abuja. Ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci a kan zargin. Abin lura shi ne an shafe kusan shekara uku a kotun Kano ba tare da an kai ga hukunci a kan ainihin maganar ba, kuma wanda aka yi ƙara ya samu lauyoyi suka kare shi a kotu.

A Jamhuriyar Nijar an kama ’yar jarida Samira Sabou a watan Yuni na 2020 bisa ƙarar ɓata suna da ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya shigar, a kan wani rubutu na Facebook da ya shafi binciken kuɗin sayen kayan soja. Ta yi kwana 48 a tsare a Yamai kafin kotu ta sallame ta ranar 28 ga Yuli. Kotu ba ta same ta da laifi ba, amma kwanakin da ta yi a gidan yari ba za su dawo ba.

A watan Nuwamba na 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda wani ɗan gajeren rubutu da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. Ɗalibai da ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam suka yi ca a kan maganar, aka janye tuhumar a farkon Disamba. Da an bar shi shi kaɗai da iyayensa, da wuya abin ya ƙare da wuri haka.

A Afirka ta Kudu wasu kamfanonin haƙar ma'adinai sun kai mutum shida kotu, lauyoyi uku da masu fafutuka uku, suna neman fiye da rand miliyan 14, saboda sun soki ayyukan haƙar da ake yi ko ake shirin yi a bakin teku. A watan Nuwamba na 2022 Kotun Tsarin Mulki ta ƙasar ta yanke cewa wanda ake ƙara yana iya kare kansa da hujjar cewa an shigar da ƙarar ne don a toshe masa baki, domin yin hakan wasa ne da kotu. Wannan misali ya shafe mu, tun da jiharmu ma ƙasar zinariya ce. Ba mu manta ba cewa a 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma sai da aka yi ta matsin lamba a fili kafin a saki kuɗin share ƙauyen Bagega a farkon 2013.

Wasu ƙasashe sun yi doka ta musamman. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi tata a 1992, wadda ke ba alƙali damar korar irin wannan ƙara tun da wuri ya kuma sa mai ƙara ya biya kuɗin lauyan wanda ya kai. Tarayyar Turai ta amince da tata a 2024, bayan kisan ’yar jaridar Malta Daphne Caruana Galizia a 2017, wadda ta mutu da ƙararrakin ɓata suna fiye da 40 a kanta. Nijeriya ba ta da irin wannan doka ta musamman, saboda haka dole mu san abin da muke da shi a hannu.

Abin da dokar ƙasarmu ta ce

Tsarin Mulki na 1999 ya ba mu kariya mai yawa:

- Sashe na 39 ya ba kowa ’yancin faɗin ra'ayinsa da karɓa da yaɗa bayani.
- Sashe na 40 ya ba mu ’yancin taruwa da kafa ƙungiya. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke, a shari'ar Sufeto Janar na ’Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, cewa ba a buƙatar izinin ’yan sanda kafin a yi taro na lumana.
- Sashe na 35 ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. A gaya masa dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu.
- Sashe na 36 ya ce a saurari kowa da adalci, kuma a shari'ar laifi a ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu.
- Sashe na 44 ya ce in gwamnati ta karɓi dukiyar mutum dole ta biya diyya, kuma yana da ikon zuwa kotu a kan adadinta.

Ɓata suna iri biyu ne a wurin doka. Akwai na neman diyya, inda mutum yake ƙarar mutum. Akwai kuma na laifi, wanda dokar Final Kod ta Arewa ta tanada a sashe na 391 da 392, da hukuncin ɗauri har shekara biyu ko tara. A Zamfara, tun shekarar 2000, akwai kuma dokar laifuffuka ta Shari'a da ake aiki da ita a kotunan Shari'a. Amma ita Final Kod ɗin ta ware abubuwan da ba ɓata suna ba ne. Daga ciki akwai faɗin gaskiya don amfanin jama'a, da faɗin ra'ayi da kyakkyawar niyya a kan yadda ma'aikacin gwamnati yake gudanar da aikinsa, da kai koke da kyakkyawar niyya ga hukumar da ke da iko a kan wanda ake kuka da shi. A ƙarar neman diyya ma, gaskiya cikakkiyar kariya ce, sai dai wanda ya faɗi maganar shi ne zai tabbatar da ita.

Akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi ta amfani da sashenta na 24 wajen kama masu rubutu a waya. Kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke a 2020 da 2022 cewa sashen ya saɓa wa ’yancin magana. A 2024 aka yi masa gyara aka taƙaita shi ga saƙon batsa, da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya aika don tada fitina ko jefa rai cikin haɗari. Duk da gyaran, an ci gaba da kama mutane da sunan wannan doka, don haka mu kula da abin da muke turawa a Facebook da WhatsApp. Wanda ya tura maganar wani gaba, shi ma ya yaɗa ta.

Dokar ’Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba, kamar bashi ko saɓa yarjejeniya. Ta kuma hana kama uba ko mata ko ɗa a madadin wanda ake nema. Beli a ofishin ’yan sanda kyauta ne.

Kafin mu yi magana

Rigakafi ya fi magani. Yawancin nasara a kotu tun kafin a buɗe baki ake shirya ta.

1. Mu tattara hujja. A rubuta rana, wuri, adadi da sunayen shaidu a littafin ƙungiya. A ajiye rasit, takardar rabo, hoton allon kwangila da hoton aikin. A yi kwafi biyu, a ajiye a gidaje daban-daban.

2. Mu nemi bayani a rubuce. Dokar ’Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane mutum ikon neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma ana son hukuma ta amsa cikin kwana 7. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma. A kai wasiƙa kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da ita.

3. Mu raba abin da muka gani da abin da muke zato. A ce an aiko wa ƙungiya buhu 100 na taki, aka raba 60. Idan muka ce “sakatare ɓarawo ne,” mun yanke hukunci, kuma sai mun tabbatar da sata a gaban alƙali. Idan muka ce “takarda ta nuna buhu 100, mun ƙirga 60 a wurin rabo, muna neman bayanin sauran 40,” mun faɗi abin da za mu iya nunawa, kuma nauyin amsa ya koma kansa.

4. Mu soki aiki, mu bar zagi. Kada a taɓa iyayen mutum, ko iyalinsa, ko addininsa, ko ƙabilarsa. Magana zarar bunu ce.

5. Mu ba wanda abin ya shafa dama ya amsa. Wani lokaci akwai bayanin da ba mu sani ba. In ya ƙi amsawa, wasiƙarmu za ta zama shaidar kyakkyawar niyya.

6. Mu bi hanya daki-daki. A fara da mai unguwa, dagaci da hakimi, da kansila da ƙaramar hukuma, da ofishin hukumar da ke da aikin. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, wadda ba ta karɓar kuɗi. Koken da aka kai ga hukuma ya fi samun kariyar doka a kan maganar da aka yaɗa a kasuwa.

7. Mu yi magana da sunan ƙungiya. A yanke shawara a taro, a rubuta a littafi, mutane da yawa su sa hannu ko su dangwala. Karya tsinke ɗaya ba wuya, amma tsintsiya sai a yi da gaske.

Idan sammaci ya zo

- Kada a gudu, kada a yaga takarda, kada a ƙi karɓa. A ƙarar neman diyya, in mutum bai amsa cikin kwanakin da aka ba shi ba, ana iya yanke hukunci a bayan idonsa.
- A rubuta ranar da aka karɓi takardar da sunan kotun. A sa wanda ya iya karatu sosai ya karanta ta duka, a gane ko ƙarar diyya ce ko ta laifi.
- A nemi lauya nan da nan. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana taimakon marasa ƙarfi kyauta. Ana iya kai kuka ga Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, da reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya a Gusau, da Ƙungiyar Mata Lauyoyi.
- In ’yan sanda ne suka gayyata, kada a je a ɓoye. A tafi da lauya ko dattijo, a gaya wa shugabannin ƙungiya inda aka nufa. Kada a sa hannu a takardar da ba a karanta wa mutum da harshen da yake ji ba.
- Kada a goge rubutun da ake magana a kai ko saƙonnin waya sai da shawarar lauya. Kada kuma a ƙara sabuwar magana cikin fushi.
- A tambayi lauya ko za a iya neman a kori ƙarar tun farko, saboda kotun ba ta da hurumi ko saboda wasa ne da kotu. In an tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, ana iya zuwa Babbar Kotu a ƙarƙashin ƙa'idojin kare hakki na 2009, waɗanda suka yarda wani ko wata ƙungiya su shigar da ƙara a madadinsa.
- In an kawo tayin sulhu, a duba shi da kyau. Sulhu alheri ne, kuma in an yi kuskure a wani adadi ko suna, gyara shi a fili ba faɗuwa ba ce. Amma kada a sa hannu a kan cewa gaskiya ƙarya ce, ko a yi alkawarin cewa gari duka ba zai ƙara tada maganar ba.

Aikin sauran al'umma

Ƙarar toshe baki tana cin nasara ne idan aka bar mutum shi kaɗai. Tun da don mu ya yi magana, nauyin namu ne duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A buɗe ƙaramin asusu tun kafin matsala ta zo, ko da kwano ɗaya ne na hatsi daga kowane gida a lokacin kaka, a riƙa karanta lissafinsa a taro. A yi wa wanda ke zuwa kotu gayya a gonarsa. A raba kwanaki domin kowane zama a samu masu raka shi, su zauna cikin natsuwa da ladabi, ba hayaniya ba barazana. A riƙa leƙa iyalinsa, domin sau da yawa matsin yana biyowa ne ta wajen mata da iyaye. Idan mace ce ake ƙara, a kula ƙwarai, don ita akan haɗa mata da ɓata suna da gori. Limamai, fastoci da masu sarauta suna iya yin magana da mai ƙara ta hanyar da talaka ba zai iya ba.

Abu mafi muhimmanci, kada a bar ainihin maganar ta mutu. In an kai mutum kotu saboda ya yi tambaya a kan magudanar ruwa, to ƙungiya ta ci gaba da bin maganar magudanar a ofis da wasiƙa. Idan mai ƙara ya ga ya kama mutum ɗaya amma tambayar tana nan a bakin mutum hamsin, ƙarar ba ta da sauran amfani a gare shi. Sai dai a bar wa lauya abin da ya shafi shari'ar da ke gaban alƙali. A halin tsaron da yankinmu ya shiga kuma, a auna kowace magana da lafiyar mai yin ta. Akwai bayanin da ya fi kyau a miƙa ta hannun lauya ko ɗan jarida amintacce.

Mutuncin kowa abin kiyayewa ne

Ya kamata mu yi adalci. Mai kuɗi da mai mulki su ma suna da mutunci, kuma wanda aka yi wa ƙage yana da hakkin zuwa kotu. A yankinmu mun san yadda jita-jita take da haɗari: kiran mutum mai kai wa ’yan bindiga rahoto ba tare da hujja ba yana iya jawo asarar ransa. ’Yancin magana bai ba mu izinin ƙarya ko ƙazafi ba. Abin da muke karewa shi ne ikon talaka ya tambayi yadda aka yi da abin jama'a, cikin gaskiya da ladabi, ba tare da an talauta shi ba. Shugabanni kuma su sani, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wannan ya haɗa da shugabannin ƙungiyoyinmu da mu masu aikin agaji. In an tambaye mu lissafi, mu buɗe littafi.

Gwaji a cikin ƙungiya

A raba mahalarta gida uku. A ɗauka cewa wani ɗan kwangila ya gyara magudana, ta fashe kafin kaka, sakataren ƙungiya ya yi magana a rediyo, sai ga takardar lauya ana neman miliyoyin naira. Rukuni na farko su rubuta maganar da ta dace sakataren ya faɗa, jimla uku kawai. Na biyu su jera hujjojin da ya kamata a ce suna hannu. Na uku su tsara abin da gari zai yi a mako na farko: wa zai nemo lauya, wa zai kula da gona, wa zai je wurin hakimi. Daga nan kowane rukuni ya karanta nasa, sauran su gyara.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa ne suke damun garinmu amma kowa yana tsoron faɗa? Tsoron me ake ji?
2. Me dattawanmu suke tunawa game da abin da ya faru a Bakolori a 1980? Waɗanne hanyoyin kai koke muke da su yau da manoman wancan lokaci ba su da su?
3. Ta yaya za mu bambanta ƙarar toshe baki da ƙarar wanda aka ɓata wa suna da gaske?
4. Ƙungiyarmu tana da littafin da ake rubuta shawarwari da rasit? A hannun wa yake, kuma akwai kwafi?
5. Mata da matasa suna samun damar yin tambaya a taronmu, ko mu ma muna toshe musu baki?
6. In gobe aka kawo wa ɗayanmu sammaci, wa za mu fara kira? A rubuta sunaye uku da lambobinsu a bangon littafin ƙungiya kafin a tashi daga taro.